Yadda Ɗan Canjin Intanet Ke Raba Idonsa da Waya a Kasuwan Magani

Kasuwan Magani, wadda ke bakin titin Kaduna zuwa Kachiya a ƙaramar hukumar Kajuru, ranar Alhamis take ci. Kafin magariba an ɗinke buhunan masara, motoci sun yi lodi, kowa ya kama gabansa. Amma a aljihun wasu samarin garin akwai wata kasuwar da ba ta san tashi ba, wato ta canjin kuɗi a intanet, wadda suke kira foreks. Daren Lahadi take buɗewa, sai daren Juma'a take rufewa, kuma ƙididdigar bankin BIS ta 2022 ta nuna ana juya kimanin dala tiriliyan 7.5 a cikinta kullum. Masu taɓa ta a nan ba ma'aikatan banki ba ne. Akwai mai shagon POS, akwai malamin firamare, akwai ɗalibin da ya dawo hutu daga Kafanchan ko Zariya. Kowannensu yana da aikin da ke ciyar da shi, ga wuta sai an ga dama, ga data da tsada. Shi ya sa wanda ya daɗe a harkar, kafin ya koya wa ƙaninsa karatun jadawalin farashi, yakan fara koya masa lokacin da ake ajiye waya.

Da agogo ake farawa. Nijeriya ba ta sauya agogonta, amma Ingila da Amurka suna sauyawa. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan daidai yake da namu, don haka kasuwarsu na buɗewa da ƙarfe 8 na safe, ta Niyok kuma ta shigo da ƙarfe 1 na rana. Idan hunturu ya kama, sai a ƙara awa ɗaya a kan kowanne. A damina, tsakanin ƙarfe 1 da 5 na yamma kasuwannin biyu suna buɗe tare, kuma a nan ne Yuro da Fam da zinare suka fi motsi. Kasuwar Tokiyo da ƙarfe 1 na dare take farawa a agogonmu. Mai hankali yakan yafe ta gaba ɗaya, domin wanda ya kwana yana gadin kuɗin Japan, da safe ba ya iya ƙirga canjin kwastoma daidai.

Akwai 'yan makonni a Maris, da mako guda a ƙarshen Oktoba, da lissafin kan rikice, saboda Amurka na riga Ingila tura agogo gaba, kuma tana baya da ita wajen mayar da shi. Tsofaffin hannu sukan rubuta wannan a bangon littafinsu tun farkon shekara.

Daga nan sai zaɓen kyandir. Manhajar MetaTrader na nuna farashi a kyandirori, daga na minti ɗaya har na wata guda, kuma wanda mutum ya zaɓa shi ke yanke masa yawan zaman da zai yi a gaban waya. Kyandir ɗin minti ɗaya yana haihuwar sabo sau 60 a awa, kowanne yana kiran ido. Na awa huɗu kuwa sau shida kacal yake cika a yini. A wurin yawancin dillalai, lokacin damina yana cika ne da ƙarfe 6 da 10 na safe, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare, sai na 2 na dare wanda ba ruwan kowa da shi. Duba yadda ya zauna daram a kan rayuwar gari: bayan asuba, da hantsi, wajen azahar, gab da magariba, sai kafin kwanciya. Minti goma a kowane zuwa ya wadatar. Mai shagon POS yakan yi duban hantsinsa tsakanin kwastoma biyu, ya mayar da wayar cikin durowa.

Babban zama na safe ne, kamar rabin awa. A nan ake buɗe kalandar labaran tattalin arziki, a ja layukan da ake jiran farashi ya iso, a kan kuɗi biyu ko uku kawai, ba ashirin ba. Sai a ɗana ƙararrawa a manhajar TradingView a kan kowane layi, a rufe. Idan farashi ya iso, wayar za ta yi kira da kanta.

Kalandar nan tana da wata rana da kowane ɗan harka a Arewa ya san ta. Alƙaluman ayyukan yi na Amurka yawanci suna fita ne ranar Juma'ar farko ta wata, da ƙarfe 1:30 na rana a damina, 2:30 a hunturu, daidai lokacin da ake haramar masallaci ko ake cikin sahu. Farashi kan yi tsalle sama da ƙasa cikin daƙiƙu. Wanda ya san abin da yake yi yakan rufe cinikinsa tun da hantsi, ya bar wayar a gida ko wurin mai caji, ya tafi Juma'a da zuciya ɗaya. Sanarwar kuɗin ruwa ta Babban Bankin Amurka, wadda ake yi sau takwas a shekara, ita kuma bayan magariba take faɗowa a agogonmu.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ke biyo bayan shiga ciniki. A nan ake gane gwani.

A ce mutum yana da dala 200 a asusu, ya yanke ba zai yi kasadar fiye da kashi ɗaya cikin ɗari ba, wato dala 2. Ya sayi Yuro a kan Dala da lot (wato girman ciniki) 0.01, inda kowane taki na farashi yake daidai da senti 10. Ya kafa shingen asara taki 20 a ƙasa, ya kafa na riba taki 40 a sama. Aikinsa ya ƙare ke nan. Shingayen nan a kwamfutar dillali suke zaune, ba a wayarsa ba. Ko batir ya mutu, ko sabis ya ɗauke, suna nan suna aiki. Mutanen jihar nan sun san muhimmancin wannan fiye da kowa, domin a ƙarshen Satumba 2021 an katse layukan waya a wasu sassan Kaduna saboda 'yan bindiga, aka shafe kusan wata biyu a haka.

Amma hannu ba ya yarda aiki ya ƙare. Minti biyar da shiga, lambar da ke ƙasan allo ta yi ja, an rasa senti 60. Yatsa ya fara shafa waya. Daga kyandir ɗin awa huɗu sai a sauko na minti biyar, wai don a ga abin da ke faruwa, kuma a can ƙasa ɗan motsin da bai kai komai ba sai ya zama dutse. Farashi ya matso shinge, zuciya ta ce a ɗan ja shi baya, ai zai juyo. An ja taki 10, an sake jan 20, asarar dala 2 ta koma ta 5. Ko kuma akasin haka: lambar ta yi shuɗi da senti 70, tsoro ya kama mutum kada ta gudu, ya rufe, bayan awa biyu farashi ya wuce inda ya tsara tun farko. Mafi muni shi ne ramuwa. An ci shingensa, ransa ya ɓaci, nan take ya ninka lot ya koma don ya ƙwato kuɗinsa. Da yawa daga asusun da samari ke cewa "ya ƙone" a yammaci guda suka ƙone, ta wannan hanya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, amma a wannan sana'a kallo ne ke buɗe wa kwaɗayin ƙofa.

Maganin da gwanaye suka samo ba na ƙarfin zuciya ba ne, na nisanta jiki ne. Da an kafa shingaye, sai a fita daga manhajar gaba ɗaya, a kai wayar caji shagon da sai an taka kafin a isa. Wasu suna da waya biyu: ƙaramar mai maɓalli don kira da kwastomomi, babbar kuma ba ta fitowa sai lokacin duba. A wayoyin Android akwai wurin da ake sa wa kowace manhaja iyakar lokaci, ta dushe idan ya cika. Ana ba MetaTrader awa ɗaya a yini. Sai doka guda wadda ba a sassauta ta: faɗuwa biyu a rana, an tashi kasuwa sai gobe. Abin burgewa ne ka ga matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuɗinsa na cikin ciniki, yana zaune yana shan shayi da abokai, hannunsa bai ko nufi aljihu ba. Kafin ya kai nan ya sha wuya.

Kada a ɗauka shinge ba ya cin amana. Ranar 15 ga Janairu 2015 Babban Bankin Suwizalan ya saki kuɗinsa ba zato, farashi ya tsallake shingayen mutane cikin mintuna, har wasu kamfanonin dillanci suka durƙushe. Sai dai wanda ke riƙe da waya a lokacin bai tsira ba shi ma. Ƙanƙantar lot ce ta ceci waɗanda suka tsira. Kuma ya kamata duk mai sha'awar harkar ya ji wannan: a 2018 hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan asusu asara suke yi. Rage kallo ba ya mayar da mutum cikin masu riba, yana dai hana shi ƙara wa kansa asarar da ba ta cikin lissafi. Batun halacci kuma malamai sun yi sabani a kansa, musamman kuɗin ruwan da ake caja idan ciniki ya kwana, abin da ya sa Musulmi da yawa ke neman asusun da ba a cajinsa.

Rukunonin Telegram da WhatsApp masu tura "sigina", wato shawarar saye ko sayarwa, su ma ɓarayin lokaci ne. Ana kashe musu ƙara, a leƙa sau ɗaya da dare, in ma za a leƙa. Ido kuma yana da haƙƙinsa: likitocin ido na ba da shawarar duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20, kuma ba a karatun jadawali cikin duhu.

Asabar ranar littafi ce. Ana buɗe shi a rubuta kowane ciniki na mako, dalilin shiga, da ko an taɓa shinge bayan an kafa shi. A gefe kuma a kwafo awannin da waya ta ƙirga wa MetaTrader da Telegram, rana bayan rana, a jera su kusa da riba da asara. Ranar da awannin suka haura, a nan ake fara neman inda aka karya doka. Lahadi masu zuwa coci su tafi, masu gona su leƙa gona. Idan kasuwa ta buɗe da ƙarfe 10 ko 11 na daren, ratar saye da sayarwa a buɗe take sosai, don haka ba a taɓa komai sai Litinin da safe, bayan Landan ta shigo.