Yadda Ake Tono Motar da Aka Binne

A watan Yuni na 1957, mutanen birnin Tulsa a jihar Oklahoma ta Amurka suka binne sabuwar mota fil, ƙirar Plymouth Belvedere, cikin wani ɗakin kankare a harabar kotu, da niyyar a fito da ita bayan shekara 50. Har fetur da man inji suka ajiye mata. Da aka buɗe a 2007, sai aka tarar ruwa ya shiga, tsatsa ta cinye ta. Duk da haka dubban mutane suka yi cincirindo don ganinta. Abin da ke jan mutane ke nan: ƙasa ta riƙe wani zamani, kai kuma ka zo kana buɗe shi da hannunka.

Aikin yana farawa ne kafin a taɓa shebur. Da farko a tabbatar da wurin, da na'urar gano ƙarfe ko wadda ke hango abin da ke ƙarƙashin ƙasa, a shata iyakarsa. Sannan a sanar da hukuma. Wannan ba abin wasa ba ne. Wata mota ƙirar Ferrari Dino da 'yan sanda suka tono a wani gida a Los Angeles a 1978, tun 1974 aka kai rahoton an sace ta, inshora ma ta biya mai ita. Motar da aka binne a ɓoye, sau da yawa akwai magana a bayanta.

Sai tono. Katafila ta kwashe ƙasar sama kawai ta koma gefe. Daga nan aikin hannu ne, da shebur da ƙaramin cokalin magina, ana bi ta gefuna har tayoyi su bayyana. A nan masu gaggawa ke yin ɓarna, domin rufin da ya shekara yana ɗauke da nauyin ƙasa, bugu ɗaya ya isa ya lotsa shi. In akwai ruwa, a sa injin jan ruwa ya zuƙe shi. A riƙa ɗaukar hoto a kowane mataki, a kwashe laka daga cikin motar tun tana ramin, don nauyinta kaɗai kan karya ƙasan bodi.

Wajen ɗagawa, kada a kuskura a ɗaura igiya a bamba a ja. Ƙarfen da ya ruɓe rabuwa zai yi biyu. Ana zura ƙarafa ko katakai masu kauri ƙarƙashin shasi, injin ɗaga kaya ya ɗauke ta gaba ɗaya, a hankali, kamar ana ɗaukar majiyyaci.

Da ta fito, kowa zai so a murɗa makulli. A bari. Injin da laka ta shiga, tayar da shi kashe shi ne. A wanke ta da ruwa marar ƙarfi, a busar a inuwa, a nemo lambar shasi don a san asalinta.

Hukunci na ƙarshe ya danganta da irin wurin da ta kwana ciki da kuma daɗewarta a can. Ferrari ɗin ta gyaru, ta koma kan titi. Ta Tulsa kuwa, wani kamfanin cire tsatsa a New Jersey ya yi ta fama da ita, amma ƙarfen ya riga ya yi laushin da ba zai ɗauki gyara ba. A ganina barinta haka shi ne daidai. Daga baya aka kai ta wani gidan tarihin motoci a garin Roscoe na jihar Illinois, inda masu ziyara ke ganinta da tabon ruwan a jikinta.