Hatimin Jikin Tsofaffin Bindigogi a Matsayin Madogarar Tarihi

Wannan maƙala ta dubi alamomin da ake bugawa a jikin tsofaffin bindigogi, irin waɗanda ake adanawa a fadojin sarakuna da gidajen tarihi na ƙasar Hausa, da hanyar fito da su ba tare da an lalata su ba.

Da yawa daga bindigogin da fatauci ya kawo Afirka ta Yamma a ƙarni na 19 an ƙera su ne a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam. A shekarar 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi na Birmingham, inda ake buga wa bututun da ya jure gwajin albarushi hatimi. Hatimin Liège kuwa haruffan ELG ne cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma daga 1893 aka ɗora masa kambi. Saboda haka, kambin kaɗai kan nuna wa mai nazari zamanin da aka gwada bututun.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a share ƙura, a shafa farin alli a gurbin haruffan, a goge saman da tsumma, sannan a ɗauki hoto da haske daga gefe. Gogewa da yashi ko burushin ƙarfe kan cinye hatimin har abada.

Sai dai hatimi shaidar bututu ne kawai, domin maƙera kan haɗa tsohon bututu da sabon ice da sabuwar kunama.