Yadda Ake Fuskantar Tuhumar Duka a Gidan Aure

Ƙarfe goman dare ta wuce, an karɓe masa waya da hula da takalmi, yana zaune a ƙasa bayan kanta. A waje matarsa na kan benci, ta ja mayafi ta rufe idon da ya kumbura, yayanta na tsaye a kanta riƙe da katin asibiti. Duk ɗan sandan da ya gifta, magana ɗaya maigidan ke yi masa: "Yallaɓai, matata ce fa." Duk wanda ya saba shiga caji ofis a ƙasar nan ya san wannan zama, ya kuma san cewa mai faɗin haka har zuciyarsa yana ganin ya kawo hujja. Amma tun daga lokacin da aka rubuta ƙorafin a littafin 'yan sanda, maganar ta bar tsakar gida ta koma hannun hukuma, kuma hukuma da dokokinta take aiki.

Abu na farko da wanda aka kama zai nema, namiji ne ko mace, shi ne a gaya masa laifin da ake zarginsa da shi da kuma dokar da aka ɗora zargin a kanta. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi wannan haƙƙi: a sanar da shi a rubuce, cikin harshen da yake ji, kafin awa 24 ta cika. Tambayar tana da nauyi domin a Arewa dokoki uku ne ke iya hawa kan duka guda: Final Kod, dokokin Shari'a na jihohi goma sha biyu da suka fara da Zamfara, sai dokar hana cin zarafin mutane da aka fi sani da VAPP.

Ita VAPP, Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu a watan Mayun 2015. Ta tarayya a Abuja kaɗai take aiki, hukumar NAPTIP ke kula da ita, amma akasarin jihohi sun yi tasu, Kaduna tun 2018. A ta Abuja, dukan miji ko mata na jawo ɗaurin da ya kai shekara uku, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Korar mace daga ɗakinta da ƙarfi, irin watso kaya waje da tsakar dare, na iya kaiwa shekara biyu. Zagi da muzantawa da gallazawa na iya kaiwa shekara ɗaya. Mutumin da ya tsallake ya bar mata da 'ya'ya ba ci ba sha yana iya shan shekara uku. Wanda kuwa ya watsa wa wani ruwan batir, ɗaurin rai da rai ne, babu zaɓin tara. Hukuncin kowace jiha yana iya bambanta da wannan, don haka lauya zai fara da buɗe dokar jihar da abin ya faru.

Akwai wani sashe da maza da yawa suka ji labarinsa a majalisa suka riƙe shi kamar laya. Sashe na 55 na tsohon Final Kod ya ce ba laifi ba ne miji ya ladabtar da matarsa, matuƙar al'adar da suka yi aure a kanta ta yarda da hakan, kuma bai yi mata mummunan rauni ba. Sashe ne da ya kamata a ce an goge shi tuntuni, domin ya jera matar aure a layi ɗaya da yaro da ɗalibi da bara. Ko a yadda yake ma, rumfar da yake bayarwa ƙarama ce. Sashe na 241 ya lissafa abin da ake kira mummunan rauni: karaya ko gocewar ƙashi, fitar haƙori, rasa gani ko ji, tabon da ya ɓata fuska har abada, da duk ciwon da ya jefa rai cikin haɗari ko ya hana mutum harkokinsa na kwana ashirin. Mari ɗaya da ya kashe kunne ya fitar da miji daga rumfar, ya kai shi inda ake maganar ɗaurin shekara bakwai. A Abuja kuma VAPP ta faɗa ƙarara cewa ita ce a sama da Final Kod a irin waɗannan laifuka.

Mataki na biyu shi ne kame baki. A daren farko ne mutane suka fi yi wa kansu illa. Ɗan sanda mai bincike zai jawo takarda ya ce a ba da bayani, shi kuwa wanda aka kama, cikin zafin rai da son ya wanke kansa, sai ya zuba: "Ai ita ta fara zagin mahaifiyata, shi ne na ɗan taɓa ta." Ya amsa laifi ke nan da bakinsa. Tsarin Mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tata, ta tanadi a ɗauki bayani a gaban lauya, in babu shi a gaban jami'in Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda ke tsaya wa marasa hali kyauta. Idan da Turanci aka rubuta bayanin, sai tafinta ya karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Bayanin da aka tatsa da duka ko barazana kuwa, Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓarsa, amma sai lauya ya tashi ya yi suka a daidai lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar.

Shiru yana da iyaka guda. Wanda zai ce ba ya nan lokacin da abin ya faru, to tun a caji ofis zai faɗa, tare da inda yake, da wa yake, da ƙarfe nawa, domin a je a bincika. Kotunan Nijeriya ba sa ba wa irin wannan kariya nauyi idan sai a akwatin shaida aka fara jin ta.

Sai beli. Doka ta ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Belin 'yan sanda kyauta ne, mace na iya tsaya wa mutum, kuma haramun ne a kama ƙaninsa ko mahaifinsa a madadinsa. Idan an rasa rai, maganar beli ta bar hannun 'yan sanda da majistare, sai babbar kotu, ita ma da ƙyar.

Bayan an fito ne dangi kan ɓata abin da ya rage. Gwaggo ta ɗauki mayafi ta nufi gidan surukai, kawu ya bugo waya yana cewa, "Ke yanzu uban 'ya'yanki za ki ɗaure?" Shi kansa maigidan ya dinga turo saƙo, yau lallashi, gobe barazanar saki da ƙwace yara. Kowane saƙo yana nan a waya, kuma Dokar Shaida ta yarda a gabatar da shi. Matsa wa mai ƙara ko shaida lamba na iya sa a soke beli, ya kuma zama sabon laifi. Idan kotu ta ba da umarnin kariya, wanda ƙarƙashin VAPP ke iya hana mutum shiga gidan ko zuwa wurin aikin matar ko kiranta, to bin sa dole ne ko da gidan nasa ne, shi ya gina. Mai ganin an zalunce shi da umarnin kotu zai koma ya nemi a sassauta. Ciyar da yara kuma ba ta tsaya ba. A aika ta hannun wani babba da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, a riƙe shaidar aikawa.

Haka nan kada a taɓa wurin da abin ya faru, kada a goge saƙonni. Idan shi ma wanda ake zargi ya ji ciwo, ya je asibitin gwamnati a ranar, a rubuta, a ɗauki hoto. Yaƙushi da cizo kwana kaɗan suke yi su ɓace, kuma sau da yawa su kaɗai ne ke nuna wanda ya fara kai hannu.

A gaban alƙali, nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi, kuma sai an tabbatar da laifin ba tare da wani ƙwaƙƙwaran kokwanto ba. Kariya ta farko ke nan, kuma ita ce garkuwar wanda aka yi wa ƙage, domin ƙage yana faruwa, musamman inda rikicin saki ko riƙon yara ya yi tsami. Lauya zai auna bayanin da aka ba 'yan sanda da wanda aka faɗa a kotu, ya duba ko rahoton likita ya dace da labarin, ya tambayi maƙwabta abin da suka gani da idonsu da abin da suka jiyo ta katanga. Sai dai kada kowa ya dogara da cewa mace ba za ta ba da shaida a kan mijinta ba. A shari'ar duka tsakanin ma'aurata, doka ta ba kotu ikon kiran ɗayansu, har ta tilasta masa. 'Ya'ya ma suna shaida: a shari'ar Peter Nwachukwu, mijin mawaƙiyar coci Osinachi da ta rasu a Afrilun 2022, 'ya'yansu na cikin waɗanda suka tsaya gaban babbar kotun Abuja, wadda ta yanke masa hukuncin kisa a Afrilun 2025.

Kare kai kariya ce cikakkiya, mai iya wanke mutum tas, kuma ita ce ta fi shafar matan da suka gaji da duka suka rama. Sharuɗɗanta ne masu tsauri. Dole haɗarin ya kasance a gabanta a lokacin, kuma ƙarfin da ta yi amfani da shi kada ya wuce abin da zai tsare ta. Matar da aka shaƙe ta rarumi taɓarya ta buga don ta kuɓuta tana cikin kariyar. Wadda ta jira ya yi barci ta ɗora ruwa a wuta ta fita daga ciki, komai yawan shekarun da ta yi tana shan azaba, ko da yake wannan tarihin na iya sa alƙali ya sassauta. Shi ya sa katin asibiti na bara, da ƙorafin da aka taɓa kaiwa Hisbah ko wurin mai unguwa, suke da daraja, kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA na taimaka wa irin waɗannan mata.

Tsokana kuwa ba ta wanke kowa. Abin da take yi shi ne rage nauyi: a shari'ar kisa, idan tsokanar mai tsanani ce, ta zo ba zato, kuma aka aikata kafin zuciya ta huce, sashe na 222 na Final Kod na sauko da laifin daga mai hukuncin kisa zuwa wanda iyakarsa ɗaurin rai da rai. Abinci bai nuna da wuri ba, ko ta fita ba izini, babu alƙalin da zai kira wannan tsokana mai tsanani. Maye da mutum ya sha da kansa ba uzuri ba ne. Taɓin hankali kuma sai da shaidar likita cewa a lokacin bai san abin da yake yi ba.

Saura cewa tsautsayi ne. A nan shari'ar Maryam Sanda ta zama abin nazari. Mijinta Bilyaminu Bello ya rasu a Abuja a Nuwamban 2017, ita kuma ta ce faɗuwa ya yi kan fasasshiyar tukunyar shisha suna cikin rigima. Babu wanda ya ga lokacin da aka yi raunin. Duk da haka Mai Shari'a Yusuf Halilu ya haɗa abin da shaidu suka gani kafin lokacin da kasancewarta ta ƙarshe da aka gani tare da shi, ya yanke mata hukuncin kisa a Janairun 2020. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, Kotun Ƙoli ma haka. Rashin ganau bai hana kotu hukunci ba, kuma labarin tsautsayi sai ya dace da irin raunin da ke jikin mutum kafin a karɓe shi.

Idan hujja ta yi ƙarfi, lauyan kirki zai gaya wa wanda yake karewa gaskiya. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta buɗe ƙofar amsa laifi bisa yarjejeniya don a sami sassauci, kotu kuma na iya umartar a biya kuɗin magani da diyya. Sulhu yana da gurbi a ƙananan raunuka, amma a gaban kotu ake ƙulla shi, da yardar wadda aka cuta, ba tare da an murɗe mata hannu ba. A manyan laifuka, ko ta ce ta yafe, ƙarar ta gwamnati ce. Antoni Janar ke da ikon janye ta.

A kotun Shari'a lissafin yana da wani reshe. Rauni na iya jawo diyya ko ƙisasi ko horon da alƙali ya ga ya dace, kuma a mazhabar Malikiyya matar da ta tabbatar da cutarwa alƙali na iya raba aurenta ba tare da ta mayar da sadaki ba, saɓanin hul'i. Hukuncin da aka samu a shari'ar duka yakan biyo mutum zuwa shari'ar riƙon yara, ya biyo shi wurin aiki, ya fito duk ranar da ofishin jakadanci ya nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda.

Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara, sai dai lokaci ƙidayayye ne: daga babbar kotu zuwa kotun ɗaukaka ƙara kwana 90, daga can zuwa Kotun Ƙoli kwana 30. A ranar da aka yanke hukuncin ya kamata lauya ya rubuta takardar neman kwafinsa a wurin magatakardan kotu, domin daga ranar ake fara ƙirga kwanakin.