Idan Intanet Ya Ɗauke a Magariya da Dungas

A ƙauyukan Magariya da Dungas na bakin iyaka, waya kan cafke rezon Najeriya: sanduna cike, intanet shiru. Maganinsa, mai ita ya shiga saiti ya zaɓi kamfaninsa da hannu, Airtel ne, Moov ko Zamani.

In matsalar ta ƙi tafiya, ya duba ko datarsa ta ƙare, sannan in da modem yake amfani, ya kashe shi na daƙiƙa 30 ya sake kunnawa, domin ɗaukewar wutar NIGELEC kan rikita shi.

Mai kwamfuta kuwa ya rubuta ping 8.8.8.8. Idan amsa ta dawo amma shafuka suka ƙi buɗewa, galibi laifin DNS ne, sai ya sauya shi. Idan babu amsa, ya matsar da modem kusa da taga, ɓangaren da eriyar kamfani take.