Darasi: Yadda Ake Kula Da Fulogin Ɗin Gradle Da Aka Yi Wa Faci

Yawancin manhajojin Android da ke wayarka da Gradle aka haɗa su. Shi ne ke tattara lambobin da injiniyoyi suka rubuta ya mayar da su manhajar da kake saukewa. Yana kuma aiki da fulogin, wato ƙananan shirye-shiryen da ke ƙara masa basira.

Wani lokaci fulogin kan zo da matsala, masu shi kuma su ja ƙafa wajen gyarawa. Sai kamfani ya yi masa faci da kansa. To, a nan gizo ke saƙar. A ce kamfanin yana da ma'ajiyar lambobi 30, aka kwafa facin cikin kowacce. Bayan shekara guda babu mai iya gaya maka wacce ke ɗauke da wane gyara. Ranar da aka gano ɓarakar tsaro, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, wadda aka manta kuwa ɓarakarta na iya isowa wayoyin jama'a.

Don haka facin ya zauna wuri ɗaya. Ka wallafa shi a rumbun cikin gida, kamar Nexus ko Artifactory, da lambar siga ta daban, misali 2.1.0-gida.1, don kada ya rikice da na asali. A fayil ɗin settings.gradle, ƙarƙashin pluginManagement, ka nuna wa Gradle wannan rumbun. Renovate na iya neman a sabunta kowace ma'ajiya in sabuwar siga ta fito.

Sannan ka tura gyaran ga masu fulogin ɗin. In suka karɓa, ka koma kan nasu, ka goge naka.