Sauri Ya Haifi Nawa: Nazari a Kan Ma'ajiyar SSD da Tsarin RAID 0 a Tsofaffin Kwamfutoci

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗalibai ba mu da ƙarfin sayen sabuwar kwamfuta, sai dai ta hannu. A kan irin waɗannan ne muke buga aikin aji, mu kuma adana muryoyin da muka ɗauko a wajen bincike. Domin a ƙara wa tsohuwar kwamfutar tebur gudu, akan ba da shawarar a haɗa SSD biyu su zama ɗaya. Da farko aiki kan yi sauri ƙwarai, amma bayan wasu watanni sai ya fara jan ƙafa. Wannan takarda za ta bayyana dalilin haka, sannan ta kawo mafita.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Modabod shi ne babban farantin da ake dasa sassan kwamfuta a kansa. A jikinsa akwai cifset, wato ɗan guntun da ke kula da kai-komon bayanai.

SSD ma'ajiyar bayanai ce wadda babu faifai mai juyawa a cikinta, saboda haka ta fi tsohuwar ma'ajiya sauri.

RAID 0 tsari ne na yanka bayani gunduwa-gunduwa a raba wa ma'ajiya biyu ko fiye, su rubuta a lokaci guda, kamar ɗalibai biyu da suka raba kwafar littafi ɗaya.

TRIM umarni ne da Windows ko Linux ke aika wa SSD, ma'anarsa ita ce: "An goge wannan fayil, gurbinsa ya zama fanko."

3.0 Yadda SSD Ke Gogewa

Cikin SSD an kasa shi shafi-shafi, shafuka masu yawa kuma su ne ƙunshi ɗaya. Tana rubutu shafi bayan shafi, amma ba ta iya rubutu a kan tsohon rubutu, kuma ba ta goge shafi ɗaya tak, sai ƙunshin gaba ɗaya. Misalinta shi ne allon almajiri: ba a ɗora sabon rubutu a kan tsoho, sai an wanke allon. Idan akwai layin da ake bukata, dole a kwafe shi a wani allo kafin a wanke.

A nan matsala take. Idan mutum ya goge fayil, Windows kan cire sunansa ne kawai daga jeri. Muddin ba a sanar da SSD ba, za ta ci gaba da ɗaukar waɗannan shafuka a matsayin masu amfani, tana ta kwafe su daga ƙunshi zuwa ƙunshi. Wannan aikin banza ne ke rage gudun rubutu, kuma yana tsufar da ma'ajiyar, domin kowane ƙunshi yana da iyakar wankin da zai iya jurewa. Saboda haka ne aka ƙirƙiro TRIM. Windows 7, wadda ta fito a 2009, ta zo da shi.

4.0 Tafintan da Bai San Kalmar ba

Mu ɗaliban harshe mun san cewa saƙo kan salwanta a bakin tafinta. Idan aka haɗa RAID 0 ta hanyar modabod, Windows ba ta magana da kowace SSD kai tsaye. Tana ganin ma'ajiya ɗaya ce, sai mai shiga tsakani ya fassara kowane umarni zuwa ga guda biyun. Tafintan tsofaffin modabod ya san "karanta", ya san "rubuta", amma idan aka ce TRIM sai ya yi shiru.

A shekarar 2012 kamfanin Intel ya gyara wannan ta hanyar manhajarsa ta RST, siga ta 11, amma ga cifset na jeri na 7 kaɗai, irin su Z77. Masu jeri na 6, irin su P67 da Z68 na 2011, ba a sa su ciki ba. Kafin shekarar ta ƙare, wasu masu sha'awar kwamfuta suka nuna cewa jeri na 6 ma yana iya isar da saƙon, idan aka sauya ɗan sashen RAID da ke cikin BIOS, wato manhajar da ke tayar da modabod. Ke nan ba gazawar ƙarfe ba ce, rashin izini ne a manhaja.

5.0 Mafita

Na farko, a gwada kafin a ɗauki mataki. A Windows, umarnin fsutil behavior query DisableDeleteNotify yana ba da amsa 0 idan ana aika TRIM. To amma aika wasiƙa daban, isarta daban. Ƙaramar manhaja mai suna trimcheck ita ce ke rubuta fayil, ta goge shi, sannan ta duba ko gurbin ya zama fanko da gaske.

Na biyu, sauya BIOS da wadda aka yi wa kwaskwarima. Wannan hanya tana da hatsari. Idan fayil ɗin bai dace ba, ko wuta ta ɗauke ana cikin aikin, modabod na iya ƙin tashi kwata-kwata. Ban ba ɗalibi mai kwamfuta ɗaya tak shawarar bin ta ba.

Na uku, a sallami tafintan modabod. A Linux, tsarin mdadm yana haɗa RAID da kansa, kuma tun siga ta 3.7 ta Linux da ta fito a ƙarshen 2012 yake isar da TRIM. Sai a saita mashigar ma'ajiya a kan AHCI, a riƙa gudanar da umarnin fstrim mako-mako.

Na huɗu, a bar wa SSD fili. Idan sabuwa ce, ko an yi mata cikakken wanki, a bar wani kaso nata, misali kashi ɗaya cikin biyar, ba tare da an yanka shi ba. Wannan fili ne za ta riƙa juya kaya a ciki, ko da TRIM bai iso ba.

Na biyar, a lura da mashiga. Cifset irin su P67, Z68 da Z77 mashigar SATA mai gudun gigabit 6 guda biyu kawai suke da ita, sauran masu gigabit 3 ne. A dasa SSD biyun a kan masu saurin.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa saurin RAID 0 ba ya ɗorewa sai saƙon TRIM yana isa inda aka aika shi, ko kuma an bar wa ma'ajiya wurin numfashi. Akwai kuma gargaɗin da ya fi duk wannan muhimmanci: a RAID 0 babu kwafi. Idan SSD ɗaya ta mutu, duk bayanan sun tafi, domin rabin kowane babban fayil ne ya rage a ɗayar. Ga mai buga kundi, SSD ɗaya a kan AHCI ta wadatar, ta biyun kuma a mai da ita wurin ajiye kwafi. Hirar da ka yi da dattijo a Sabo ko a Agege ba lallai ka sake samun irinta ba. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.