Hayaƙin Walda da Huhun Mai Sana'a

Duk wanda ya bi ta Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya ga yadda masu walda ke tattalin idanunsu. Ko yaron da aka kawo shago jiya ya san ba a kallon wutar nan sai da baƙin tabarau, don wanda ya yi ganganci zai kwana ido na yi masa kamar an zuba yashi. Amma hayaƙin da mutum ke sunkuyawa a kansa tun safe har la'asar, ba mai damuwa da shi, saboda shi ba ya kama mutum nan take.

To, jama'a, ku sani wannan hayaƙi ba irin na itace ba ne. Ƙarfen ne kansa zafin wuta ke mayarwa tururi, in ya huce a iska ya zama ƙura mai laushin gaske, wadda gashin hanci ba ya iya tarewa. Takan wuce har ƙuryar huhu, inda jini ke karɓar iska. Jiki kuwa ba ya ƙyale baƙon abu. Sai ya tura fararen ƙwayoyin jini su far wa ƙurar, wurin ya kumbura, hanyoyin numfashi su ƙuntata, majina ta yawaita. In sau ɗaya ne, kumburin ya saɓe. In kuwa kullum ne, shekara da shekaru, tari ya zauna ke nan, wani ya kamu da asma, ƙato ya hau bene yana haki.

Akwai wani zazzaɓi da ya kamata kowane mai walda ya gane. Yana zuwa ne in an yi aiki a kan ƙarfen da aka shafe da zinki, irin bututun ruwa da kwanon rufi. Mutum zai tashi aiki lafiya lau, sai bayan isha'i jiki ya ɗau zafi, ga rawar sanyi, ga ciwon gaɓoɓi, baki na ɗanɗanon ƙarfe. Gari na wayewa ya nufi kemis ya sayi maganin maleriya. Cikin kwana ɗaya ko biyu zazzaɓin ya sauka da kansa, shi kuwa yana ta yaba maganin. Ya fi kama wanda ya dawo aiki bayan hutu, misali bayan Sallah.

Gwangwanin madara da wasu ke sha bayan aiki, wai don ya wanke ƙirji, ba ya wanke komai. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa tana huhu.

A shekarar 2017, cibiyar binciken cutar kansa da ke birnin Liyon na Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Masu walda kuma sun fi sauran mutane kamuwa da namoniya mai tsanani, shi ya sa a Ingila ake ba su shawarar yin allurar rigakafinta. Sinadarin manganis da ke cikin hayaƙin ma yakan taɓa ƙwaƙwalwa, har hannu ya fara rawa.

Galibin kariyar ba ta cin kuɗi. Ka tsaya ta yadda iska za ta kwashe hayaƙin gefe, kada ka sa kanka a cikinsa. Ka kankare fenti da zinki daga wurin da za ka liƙe. Ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tare wannan ƙura, sai takunkumi mai matata wanda ya kama fuska sosai. Mai shan taba kuwa ya haɗa wa huhunsa hayaƙi biyu.

Wuri mafi hatsari shi ne cikin tanki, ko ɗakin da ba taga. Abin takaici, yaro ƙarami ake turawa ciki, don shi ne jikinsa zai shiga. Maigida, wannan yaro amana ne a hannunka. Kada ya shiga sai an sa fanka tana fitar da hayaƙin, da wani tsaye a baki yana lura da shi.

Tarin da ya wuce mako biyu, a kai shi asibiti, gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. In ka je, ko likita bai tambaya ba, ka gaya masa walda kake yi, da yawan shekarun da ka yi kana yinta.